Rijiyar da Ba a Zura Mata Guga

Wadda ke tankaɗe a tsakar gida ta ci gaba da abinta, kunne kawai nake roƙo.

Yau tarihi za mu taɓa, amma ba na sarakuna da yaƙe-yaƙe ba. Tarihin wata 'yar rijiya ce wadda bakinta bai fi bakin kofin shayi faɗi ba. Da yawanmu ba mu taɓa ganinta ba, alhali kullum sai ta shigo mana tukunya. Ki duba cefanen da yaro yake kawo miki a ƙarshen hunturu: tumatir jajir, attaruhu, tattasai, albasa, kabeji, karas. A lokacin an yi wata huɗu ko biyar rabon ƙasa da ɗigon ruwan sama. To, ina suka sha ruwa?

A fadama suka sha. Fadama dai ita ce ƙasar kwarin nan ta gefen kogi, wadda ruwa ke malale ta da damina, ya janye da kaka. Sai dai in ya janye ba duka yake tafiya ba. Ƙarƙashin baƙar lakar nan akwai yashi, yashin kuwa yana riƙe ruwa kamar yadda soso ke riƙewa. Kogi zai bushe ƙayau har yara su yi ƙwallo a cikinsa, amma ki tona da hannu a tsakiyarsa, ba za ki yi nisa ba sai ki ga ruwa na tsattsafowa. Kakanninmu sun san da wannan ruwan tun fil azal. Matsalarsu ba neman sa ba ce, ɗago shi ce.

Abin da suka ɗago shi da shi kuwa shi ne jigo. 'Yan matan yanzu da yawa sai dai su ji ana cewa wane shi ne jigon gida, ba su san asalin kalmar ba. Ana kafa itace biyu masu gwafa a bakin ramin ruwa, a gitta wani a kansu, sannan a ɗaura doguwar sanda a tsakiya ta riƙa rinjaya sama da ƙasa. Gindinta a manna mata curin laka mai nauyi, kanta kuma a ɗaura igiya da ƙwarya ko guga. Mai lambu ya ja igiya ƙasa ya cika guga, nauyin lakar ya taya shi ɗagowa, ya juye a magudana, ruwa ya bi ya shiga fangali. Haka zai yi ta yi tun asuba, cikin sanyin nan da ke tsaga ƙafa. Kakana na wajen uba da jigo ya yi lambu a wani ƙauye da ke gefen kogin Haɗeja. Ni ban riske shi ba, amma goggona ta ce tafin hannunsa kamar ƙirgi yake, kuma duk wannan wahalar, filin da yake iya shayarwa bai wuce girman tsakar gidan mai wadata ba.

Kada ki raina ɗan filin nan. Da shi aka noma alkamar da iyayenmu suka yi alkaki da finkaso da gurasa da taliya tun kafin zuwan Turawa, domin alkama ba ta son zafin damina, sai sanyin hunturu, hunturu kuwa sai da ban ruwa. Shi ya sa a da alkama abincin fada da ranar biki ce. Shari'a ma ta san da wannan gumin. Hatsin da ruwan sama ya shayar, zakkarsa ɗaya cikin goma ce, amma wanda aka shayar da wahalar ɗebo ruwa, ɗaya cikin ashirin ake fitarwa.

Zamanin Turawa an gina rijiyoyin siminti a garuruwa ta hannun En'e, a ƙasar Barno kuma cikin shekarun 1950 da 1960 aka haƙa burtsatse masu zurfi waɗanda ruwa ke tunkuɗowa da kansa ba tare da inji ba. Amma waɗannan na sha ne, na mutane da dabbobi. Mai lambu yana nan da jigonsa.

Abin da ya tada hankalin hukuma shi ne farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974. Ki tambayi duk wata tsohuwa a gidanku, za ta ba ki labarinsa: gero ya bushe a tsaye, shanu suka yi ta faɗuwa, mutane suka baro arewa suna neman abin sawa a baka. Lokacin kuma kuɗin man fetur sun fara shigo wa Nijeriya. Sai tunanin manya ya tafi ga babban abu: a tare kogi gaba ɗaya, a ajiye ruwan damina, a sake shi da rani. A jihar Kano aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ita ce ke shayar da gonakin Kadawa da Kura. A kan kogin Sakkwato kuma, kusa da Talatar Mafara, aka gama ta Bakolori a 1978.

Ba zan ce madatsun nan ba su yi amfani ba, wanda ya ga shinkafa da tumatir ɗin Kura ba zai faɗi haka ba. Amma an biya su da tsada, kuma ba kuɗi kaɗai nake nufi ba. A Bakolori ruwa ya cinye garuruwa da gonaki, aka baje filayen mutane da manyan motoci, wasu suka yi shekaru ba su yi shuka ba, diyya kuma ta zama abin jayayya. Manoma suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilu na 1980 aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka buɗe wuta, mutane da yawa suka rasa rayukansu. Allah ya ji ƙansu. Waɗanda ke can ƙasa da madatsar kuwa, ambaliyar da take jiƙa musu fadama duk shekara ta ragu, shinkafarsu da kifinsu suka ragu tare da ita. Kuma ko an yi komai daidai, ruwan madatsa iyakarsa inda aka gina masa hanya. Ƙauyen kakana bai taɓa ganin ɗigonsa a gona ba.

A gefe guda kuma wani ƙaramin aiki yana tafiya wanda ba a buga masa ganga ba. A tsakiyar shekarun 1970 aka buɗe ayyukan raya noma tare da Bankin Duniya a Funtuwa da Gusau da Gombe. Da farko taki da iri da hanyoyin karkara suka sa a gaba. Farkon shekarun 1980 aka faɗaɗa su suka game jihohin Kano da Bauci da Sakkwato, na Kano shi ne hukumar KNARDA da kike ji a rediyo. Malaman gona na waɗannan hukumomi su suka yaɗa abu biyu a fadama: ɗan ƙaramin injin ban ruwa mai shan fetur, wanda mutum ɗaya zai ɗora a keke ya kai gona, da kuma rijiyar bututu, irin wadda manoman Indiya da Bangaladash suka daɗe suna amfani da ita.

Bari in gaya miki yadda ake haƙa ta, domin na tsaya an yi a gabana, kuma ranar na riƙe baki. Ba diga, ba shebur, ba mai shiga rami. Samari uku ne ko huɗu suka zo da bututun ƙarfe da na roba da tiyo da injin nan. Suka tara ruwa a wani ɗan rami, suka haɗa tiyo daga inji zuwa kan bututun ƙarfe, suka tsayar da shi a ƙasa, aka tada inji. Ruwa ya riƙa fita da ƙarfi ta gindin bututun yana wanke ƙasar da ke ƙarƙashinsa, su kuma suna ɗaga shi suna sakewa, suna murɗa shi, kamar mai daka a turmi. Ƙasar da aka wanke tana dawowa sama ta gefen bututun. Babbansu ya tsuguna yana tara hannu yana murza abin da ke fitowa. Da farko baƙar laka, sai yumɓu, sai yashi mai laushi. Bai ce komai ba. Can sai ga yashi mai gautsi haɗe da tsakuwa, sai ya ce, "Alhamdu lillahi, mun iso." Domin a irin wannan yashin ruwa ke gudana a sake. Nan da nan suka zura bututun roba wanda aka riga aka tsattsaga gindinsa da zarto, tsaga siri-siri, yadda ruwa zai shiga yashi ya tsaya a waje. Suka zare na ƙarfen, ƙasa ta rufo ta riƙe na robar. An fara da hantsi, kafin la'asar ruwa yana gudu a fangali, da farko jajir, daga baya garau.

Inda laka ta yi tauri ko ruwan ya ɗan yi nisa, sai an kawo ƙaramar na'urar haƙa, kuɗin kuma ya ƙaru. Amma duka biyun ba su da zurfin burtsatsen unguwa da yaranki ke zuwa ɗebo ruwa. Ba su iya yin zurfi ma, domin injin da ke zaune a sama yana zuƙo ruwa ne kamar yadda yaro ke zuƙar lemo da tsinke, kuma in ruwan ya yi ƙasa da kamar mita 7, ƙarfinsa ya ƙare. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa. Wani abin da ya ba ni dariya kuma, injin ba ya fara ja sai an ɗura masa ruwa a cikinsa tukuna. Na ce ashe masu iya magana sun riga injiniyoyi, da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Abin da jigo ke shayarwa a yini, inji ya yi shi kafin a gama karin kumallo. Mai fangali ashirin ya koma noman eka biyu ko uku. Sai kuma a 1987 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama daga waje, farashinta ya tashi, kowa ya ruga fadama. A 1993 aka fara babban shirin nan na Fadama da rancen dala miliyan 67.5 daga Bankin Duniya, aka sa niyyar kafa rijiyoyin bututu wajen 50,000, mafi yawa a jihohin Kano da Jigawa da Bauci da Sakkwato da Kebbi. Ya ci gaba har 1999. Amma a ganina abin da ya fi lissafin hukuma muhimmanci shi ne samarin ƙauye sun koyi haƙar da kansu, masu gyaran babur sun koyi gyaran inji, 'yan kasuwa suka cika rumfuna da tiyo da bututu. Daga nan abin ya fita daga hannun gwamnati ya zama sana'a. 'Yan'uwanmu na Nijar ma hanyar da suka bi ke nan, bayan farin 1984 Shugaba Seyni Kunce ya matsa wa jama'a a kan noman rani, kuma albasar nan ta Galmi da ake yabo, da ban ruwa ake noma ta.

To, ina ruwan matar da ke cikin ɗaki da wannan duka? Nan ne nake so ki ajiye rariyar ki saurare ni.

Da kakana ya rasu aka raba gado, maza suka ɗauki gonakin tudu, inda gero da gyaɗa suke. Goggona aka ba ta rabonta a fadama. Ba don ƙauna ba ne. A lokacin wurin laka ne da sauro, damina ta cinye shi, rani kuma babu mai ƙashin bayan da zai tsaya wa jigo kamar tsohon. Ita tana gidan miji a cikin kulle, sai ta bar filin a hannun wanta, ta ma manta da shi. Shekaru suka wuce. Kwatsam sai ya fara aiko mata da kwandon albasa duk bazara, wai ga tsaraba. Tana ta godiya, tana sa masa albarka. 'Yar tallanta ce wata rana ta dawo take cewa, "Inna, na ga an loda mota guda da albasa a gonar Kawu ta bakin rafi." Goggo ta ce a ranar ta kasa cin tuwo. Ba gonar Kawu ba ce, tata ce. Filin da aka ba ta don ba shi da daraja ya zama shi ne idon gadon gaba ɗaya, ita kuwa kwando ɗaya take gani.

Ba na ce wan nata mugu ne ba. Shi ya biya masu haƙa, shi ya ci bashin inji, shi ya sha sanyin asuba. A ransa, ruwan nasa ne, tunda shi ya fito da shi. Ita kuma ta ce in ban da ƙasarta, a ina zai kafa bututun? Irin wannan magana ta shiga gidaje da yawa a shekarun nan, domin inji ya juya darajar ƙasa, ta kwari ta hau, ta tudu ta tsaya, kuma da yawan matan da ke da haƙƙi a kwarin ba su da ƙafar zuwa su gani.

Goggo ba ta kai ƙara wurin alƙali ba. Mijinta ta tura, da limamin unguwa. Aka yi Sallah biyu ita da wanta ba mai aika wa wani abinci. A ƙarshe ya sakar mata rabin filin, aka bar masa rabi a kan haya har ya fanshe abin da ya kashe. Ita kuma ta sayar da tumakinta biyu da sa ɗaya da take kiwo a bayan ɗaki, ta haɗa da kwasar adashinta, ta sa aka haƙa mata tata rijiyar, ta sayi inji, ta damƙa wa babban ɗanta. Abin da ta ce in gaya wa mata shi ne, ranar da aka sayo injin ta sa an rubuta sunanta a rasiɗin, ta ajiye shi a ƙarƙashin kwallayenta. Tumatirin da kasuwa ta ƙi kuma, shi take sa a kawo mata gida, ta yanka ta shanya ta yi kauɗa, ta ajiye sai damina lokacin da ɗanye ya yi tsada.

Ba mata kaɗai abin ya taɓa ba. Fadamar nan ita ce wurin da Fulani ke sauka da rani, nan ciyawa take ɗanya, nan mashaya take. Da aka shuke ta da albasa da alkama har bakin ruwa, burtali ya toshe, saniya kuwa ba ta san iyaka ba. Faɗan manoma da makiyaya yana da dalilai da yawa, amma wannan yana cikinsu, kuma shirin Fadama na farko bai yi tanadinsa yadda ya kamata ba, manomi kawai ya gani. Sai a kashi na biyu, wanda aka fara a 2004, aka ce a kafa ƙungiyoyi da za su haɗa makiyaya da masunta da mata da zawarawa, kowace ƙungiya ta faɗi abin da take buƙata. A nan wasu ƙungiyoyin mata suka samu injin niƙa da na casar shinkafa. Kashi na uku, da aka amince da shi a 2008, ya game jihohin ƙasar duka. Wasu matan sun amfana ƙwarai. Wasu kuma sunansu kawai aka rubuta, maza suka karɓa, wannan ni ma na ji shi da kunnena a wurare fiye da ɗaya.

Sai maganar mita 7 da na ce ki riƙe. Ruwan da ke cikin yashin nan ba daga sama yake faɗowa kai tsaye ba kawai, yawancinsa ambaliyar kogi ce ke mayar da shi duk damina. In an tare kogin a sama, kamar yadda Tiga ta yi, Challawa kuma ta ƙara a 1992, ambaliyar da ke isa dausayin Haɗeja da Nguru sai ta canja, wani wuri ta ragu, wani wuri kuma ruwa ya kwanta shekara duka har kacalla ta cinye gonaki. Ga kuma bututu ɗari suna zuƙa a inda da jigo biyar ne. Shi ya sa a wasu fadamun, in bazara ta yi nisa, za ki ji maigida ya dawo yana cewa inji ya ƙi ja. Ba lalacewa ya yi ba, ruwan ne ya sauka. Dabarar manoma ita ce su haƙa rami a gefen bututun, su saukar da injin ciki don ya kusanci ruwan. Ɗan goggo ya ce ramin da ya fara iya gwiwa, yanzu in ya shiga ba a ganin kansa. In kin ji ana shirin haƙa rijiya a filinki, ki sa a tambayi maƙwabtan gonar yadda ruwansu yake a watan Afrilu, ba a watan Disamba ba. Da sanyi kowace rijiya gwana ce.

A watan Mayu na 2023 aka cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, a 2024 ta wuce 1,000 a wurare da yawa. Inji kuwa ba ya shan haƙuri. Manoma da yawa suka rage fili, kin kuma ga abin da ya biyo baya a kuɗin cefane. Wasu suka juya injinsu ya koma aiki da gas ɗin girki, masu hali suka sayi na sola, mai aiki da hasken rana, tsada a ranar saye, amma ba ya neman mai.

Gidan goggo ba shi da nisa da rafi. Shekara kusan talatin, in ta idar da sallar asuba takan kasa kunne daga kan dardumarta. A cikin injinan da ke tashi a fadama ta san muryar nata, ta ce yana da wata 'yar shaƙewa kafin ya daidaita. In ta ji shi, ta san yaran sun fita. In ba ta ji ba, kafin hantsi ta aika a tambayo. Bara 'ya'yanta suka haɗa kuɗi suka saya mata na sola. Da na je gaishe ta na yi mata murna, sai ta taɓe baki. Ta ce, "Ke dai bari, 'yar nan. Wannan ba ya magana. Yanzu ta ina zan san sun je ko suna barci?" Sai da aka saya mata waya, jikanta yana ɗauko mata hoton ruwan yana zuba a fangali. A wayar nan ta fara ganin rijiyarta.